Kwamfuta Mai Allo Guda a Matsayin Mashayar Intanet



Na san akwai waɗanda suka ga sunan laccar nan a jikin allo suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da kayan injiniyoyi? Amsar ita ce, abin da mutane ba su da sunansa a harshensu, da wuya su kwance shi su ga cikinsa, sai dai su saya, in ya lalace su jefar. Saboda haka zan yi ƙoƙari in kwance wannan na'ura da Hausa, tun daga sunanta.

Abin da ake kira hotsifot wuri ne da ake zuwa a ɗebi intanet ba tare da an ja waya ba. Ni dai na zaɓi in kira shi mashaya, watau inda mutane da dabbobi kan gangara su sha a bakin kogi. Na ga wasu ɗalibai suna murmushi, don sun tuna da wata irin mashayar. Wannan kuwa ba da ita nake ba.

Kwamfutar da ake nufi kuma ita ce wadda aka haɗa dukkan sassanta a kan allo ɗaya. Wadda ta fi shahara ita ce Raspberry Pi, da wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila ta fitar a watan Fabrairu na 2012, a kan dala 35. Tsawonta santimita 8.5 ne, faɗinta 5.6, kamar dai katin cirar kuɗi na banki. Eben Upton da abokan aikinsa sun ƙera ta ne don yaran makaranta su koyi sarrafa kwamfuta ba tare da tsoron ɓata kayan tsada ba. Daga samfuri na uku, wanda ya fito a 2016, aka riƙa saka mata Wi-Fi a jiki, kuma wannan shi ne ya sauƙaƙa aikin da muke magana a kai.

To, yaya ake mai da ita mashaya? Ku ɗauke ta kamar zaure mai ƙofa biyu. Ƙofar waje tana fuskantar ƙarfen sabis na kamfanin waya. Ita kwamfutar ba ta iya magana da ƙarfen da kanta, sai an haɗa ta da modem mai ɗauke da katin sim, ko dai irin wanda ake sokawa a ramin USB, ko kuwa wani ƙaramin allo da ake ɗorawa a kanta. Sa'an nan a gaya mata sunan mashigar da kamfanin ya keɓe, wadda ake kira APN. Ƙofar ciki kuwa ita ce Wi-Fi, tana fuskantar mutanen da ke ɗaki. Wata manhaja mai suna hostapd ita ce ke shelar sunan mashayar, tana tambayar kalmar sirri, wata kuma, dnsmasq, tana ba kowace waya da ta shigo lambar adireshinta. Tun daga 2023, tsarin da gidauniyar ke rarrabawa ya zo da NetworkManager, wanda ke haɗa ayyukan nan da umurni kaɗan.

Abin da ke faruwa tsakanin ƙofofin nan biyu shi ne ya fi ban sha'awa, kuma ma'aikatan da suka taɓa zama a rajista za su riga kowa ganewa. Kamfanin waya adireshi ɗaya rak yake bai wa katin sim, alhali kuwa mutum goma ne ke son aika saƙo. A da, unguwa guda takan yi tarayya a akwatin gidan waya ɗaya, na makaranta ko na ofishin hakimi. Duk wasiƙar da za ta fita da lambar akwatin nan take fita, amsa kuma nan take dawowa, akawu ne ya san wadda ta Malam Wane ce da wadda ta Hajiya Wance ce. Haka kwamfutar ke yi. Takan cire adireshin wayarka ta sa nata, ta rubuta a littafinta, in amsa ta zo ta duba littafin ta miƙa maka. Kamfanin a nasa ganin mutum ɗaya ne yake hulɗa da shi.

Wahalar aikin ba a manhaja ta fi yawa ba, a wuta take. Samfuri na huɗu, na 2019, yana bukatar bolt 5 da amfiya 3, modem kuma yakan zuƙi wuta farat ɗaya lokacin da yake neman ƙarfen sabis mai nisa. In caja ko batirin ba su da ƙarfi, sai modem ya yi ta ɗaukewa yana dawowa, mai shi ya yi ta zagin kamfanin waya ba da hakkinsa ba. Ɗaukewar wuta ba zato kuma takan lalata katin memorin da tsarin ke ciki. Ga zafi: in ƙwaƙwalwar allon ta kai digiri 80 sai ta rage gudu don kare kanta, wanda kuwa ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san ba a ajiye irin wannan abu a ƙarƙashin kwano babu iska. Har ila yau, a duba modem kafin a saya, don wanda aka yi wa kasuwar Amurka ba lalle ne ya ji zangon da kamfanonin nan ke amfani da shi ba. Katin sim ɗin ma, tun daga umurnin Disamba 2020, sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Yanzu wani zai tambaye ni, ina amfanin wannan wahala, tun da wayar da ke aljihuna tana raba intanet, ga kuma ƙananan na'urori da ake sayarwa a kasuwa don wannan aiki? Tambayar tana kan hanya. Wanda bukatarsa ita ce ya aika takarda daga kwamfutarsa, ya yi amfani da wayarsa, ya fi masa araha. Wi-Fin da ke jikin allon ma ba shi da ƙarfin ɗaukar babban aji.

Fifikon allon yana wani wuri dabam. Waya famfo ce kawai, in an ɗauke ruwa ta bushe. Allon nan kuwa kwamfuta ce cikakkiya, saboda haka ana iya yi mata randa. Akwai manhaja mai suna Kiwix wadda ke ajiye Wikipedia ɗungurungum a cikin memori. Ta Turanci da hotunanta ta kai kimanin gigabayit 100, ta Hausa ba ta kai ko kusa da haka ba. Ana iya ƙara littattafan karatu, da takardun jarrabawar baya, da sanarwar ofis. Duk wanda ya shiga ta ƙofar ciki zai karanta su ba tare da an taɓa data ba, sai abin da babu a randa ne za a fita nema. Makarantar da ɗalibai ɗari biyu ke bukatar littafi ɗaya, sau ɗaya za ta biya kuɗin sauke shi.

Mun kuwa ga ranar wannan. A watan Satumba na 2021 aka rufe sabis na waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Babu modem da zai yi aiki a irin wannan hali, don allon ba ya ƙirƙirar sabis, ɗebowa yake yi daga ƙarfen da ke tsaye. Amma ƙofar ciki ba ta dogara da ƙarfen ba. Asibitin ƙauye ko kwalejin horon malamai da ta riga ta cika randarta, in tana da farantin sola da batir, ma'aikatanta za su ci gaba da buɗe littattafansu a wayoyinsu har ranar da aka maido da sabis, sa'an nan kwamfutar ta ɗebo abin da ya ƙaru a bayanta.

Shugaba, a nan zan dakata. Allon da modem ɗin suna kan teburin nan a kunne, sunan mashayar da kalmar sirri suna jikin allo, ga wanda yake son ya gwada kafin a shiga tambayoyi.