Ƙwayoyin Halitta na Ɗakin Gwaji da Neman Maganin da Bai Wuce Gona da Iri ba

Furostagilandin sinadarai ne da jiki ke sarrafawa daga kitse a daidai wurin da ake buƙatarsu, su yi aikinsu cikin ƙanƙanin lokaci su lalace. Da hannunsu a zazzaɓi, da kumburi, da ciwon mara, da naƙuda, kuma su ne ke kare bangon tumbi. Ulf von Euler na Suwidin ya bayyana su a shekarun 1930. A 1971 John Vane ya gano cewa asfirin hana jiki sarrafa su yake yi, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 1982 da Sune Bergström da Bengt Samuelsson.

Haka ibuprofen da diclofenac suke aiki, waɗanda ake saye kamar gyaɗa a kemis-kemis na cikin birni. Daga tushe suke datse sinadarin, mai amfani da mai cutarwa gaba ɗaya. Shi ya sa dattijon da ya daɗe yana shansu don ciwon gwiwa yakan wayi gari da gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Furostagilandin ba ya aiki sai ya sauka a kan makarɓinsa, wato wani furotin da ke jikin ƙwayar halitta. An san makarɓa tara: DP1, DP2, EP1 zuwa EP4, FP, IP da TP. Kamar ƙofofin ganuwa suke. Baƙo ɗaya ne, amma wanda ya shigo ta Ƙofar Mata da wanda ya shigo ta Kabuga ba unguwa ɗaya za su faɗa ba. EP3 kan sa mahaifa ta murɗa, EP2 kuwa sassauta ta yake yi, alhali sinadari guda ne ya taɓa su.

A ɗakin haihuwa irin na Asibitin Murtala ana ganin wannan da ido. Misoprostol, kwaikwayon furostagilandin wanda asalinsa maganin gyambon ciki ne, yana tsuke mahaifa ya tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma ba ya buƙatar firji kamar allurar oxytocin. A 2006 hukumar NAFDAC ta yi masa rajista don wannan aiki. Sai dai mai jego takan kama rawar ɗari da zazzaɓi bayan ta sha, domin tasirinsa bai tsaya a mahaifa kaɗai ba.

Matsalar mai bincike ita ce kowace tsoka tana ɗauke da makarɓa da yawa a cakuɗe, ba a gane wanne ne ya amsa. Hanya ta buɗe a 1991, lokacin da Shuh Narumiya da abokan aikinsa a Kyoto suka ware ƙwayar gadon makarɓin TP, sauran suka biyo baya. Yanzu akan ɗauki ƙwayoyin da ke hayayyafa a kwalba ba iyaka, kamar CHO da Theodore Puck ya samo a 1957 daga wani dangin ɓera na ƙasar Sin, ko HEK293 da aka samar a Leiden a 1973 daga ƙodar ɗan tayi. Sai a cusa musu ƙwayar gadon makarɓi ɗaya tak, haɗe da wata mai ba su kariya daga wani dafi. A zuba dafin, waɗanda ba su karɓa ba su mutu, a raini waɗanda suka tsira.

Daga nan a rarraba su a faranti mai ƙananan ramuka 96 ko 384, kowane rami a ɗiga masa sinadari daban. Idan EP1 ko FP ne aka taɓa, kalsiyam ke tashi a cikin ƙwayar, wani rini da aka sa mata ya haska, na'ura ta auna hasken. EP2 da EP4 kuwa wani ɗan aike mai suna cAMP suke ƙarawa. A gefe akan ajiye ƙwayoyin da ba a cusa wa komai ba. In su ma sun haska, to ba makarɓin ne ya amsa ba. Mai gaggawa ne ke tsallake wannan mataki, kuma shi ke yawan shelar maganin da babu shi.

Zaɓen makarɓi ɗaya ya riga ya yi rana. Latanoprost, ɗigon ido na masu hawan jinin ido da aka amince da shi a Amurka a 1996, FP yake nufa. Selexipag na 2015 IP yake nufa, don hawan jinin huhu.

Duk da haka ƙwaya a faranti ba ta da hanta, ba ta da ƙoda, kuma makarɓan da aka cusa mata sun fi na jiki yawa, don haka takan zuzuta ƙarfin magani. Tankaɗe kawai take yi. Gwaji a kan dabbobi da mutane yana nan daram. Saiwoyi da sassaƙen da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi don ciwon gaɓoɓi sun cancanci wannan tankaɗe, kuma akwai masana harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Abin da aikin ke nema shi ne akwatin raino mai zafin digiri 37 dare da rana, da ruwan naitirojin na adana ƙwayoyin, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa.