Sana'ar Horar da Motsa Jiki: Abin da Muka Koyo

Jawabin da wasu matasa uku suka gabatar a taron iyaye da matasa

  Mu uku ne, maza biyu da 'yar'uwarmu ɗaya, amma mun shirya mutum ɗaya ya yi magana a madadinmu, domin kada mu cinye maku lokacin abinci.

An ce mu yi bayani a kan karatun da muka yi na sana'ar horar da motsa jiki, wato aikin wanda yakan ɗauki mutum ɗaya ko mutane kaɗan, ya tsara masu yadda za su motsa jiki daidai da shekarunsu da lafiyarsu, ya kuma tsaya a kansu har su ga amfani. Mun sani da yawa cikin iyayenmu ba su ɗauki wannan abu sana'a ba. Mahaifiyar ɗayanmu ta ce ita shekara 40 ta yi tana daka da surfe da ɗiban ruwa, ba wanda ya taɓa biyan ta, ga shi yanzu ɗanta zai karɓi kuɗi domin ya sa mutane tsalle. Gaskiyarta. Wanda ke noma a ƙauyukan Malumfashi ko Tudun Wada ba ya bukatar mu. Amma 'ya'yanku da ke Kaduna da Zariya da Abuja, daga gado sai Keke Napep, daga nan sai kujerar ofis, da yamma kuma sai gaban talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022, kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata.

Bari mu fara da abin kunyar da ya kai mu ga wannan karatu.

Shekaru huɗu da suka wuce, mu biyu maza muna ɗaga ƙarfe a bayan gida. Ƙarfen ma ba na kanti ba ne, gwangwanayen fenti ne muka cika da siminti muka soka masu bututu. Da mutane suka ga damatsanmu sun kumbura, sai suka ce mu riƙa horar da su. Muka fara taruwa kowace Asabar da safe a wani filin makarantar firamare. A cikin masu zuwa akwai wani babanmu, ma'aikacin gwamnati, mai shekara 56, yana so ya rage tumbi. Shi ne ya ba mu izinin ba da wannan labari. Ranar da ya fara zuwa, a cikin watan Maris, ana zafi, muka haɗa shi da yara 'yan shekara ashirin suka zagaya fili da gudu, sa'an nan muka sa su tsallen kwaɗo. Ya ce mana kansa yana sarawa, ƙirjinsa kuma ya yi nauyi. Muka ce, "Baba, daure, kitse ne ke narkewa." Ya daure kuwa, gama ba ya so yara su yi masa dariya. Can sai ya zauna, daga zama sai ya kwanta. A Keke muka kai shi asibiti. Da aka auna jininsa, ya haura 190. Wata nas ta dube mu ta ce, "Wa ya auna shi kafin ku sa shi gudu?" Babu wanda ya iya amsawa a cikinmu. Ba mu ma san ana awo ba.

Allah ya taimaka Baba ya tashi, yana shan maganinsa har yau. Amma da abin ya zo da ƙarar kwana, da wane ido za mu dubi Mama da yaran? A daren nan muka yarda cewa ko dai mu bar wannan abu, ko kuwa mu je mu koye shi.

Hanyoyin koyo suna nan. Kwalejojin ilimi suna ba da NCE a fannin motsa jiki da kiwon lafiya, ita 'yar'uwarmu ma ta nan ta biyo. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano suna da sashen wannan fanni har digiri. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974, tana horar da masu koyar da wasanni. Waɗannan duka suna ɗaukar lokaci, yawancinsu kuma sun fi karkata ga koyarwa a makaranta ko horar da 'yan wasa. Takardar da ta shafi horar da mutum ɗaya-ɗaya an fi samun ta daga waje. A Ingila matakai ne: mataki na 2 shi ne na mai kula da masu zuwa ɗakin motsa jiki, mataki na 3 kuwa na mai horar da mutum shi kaɗai. A Amurka akwai hukumomi irin su ACE da NASM da ACSM. Mu ta ACE muka zauna. Suna son mutum ya kai shekara 18, ya gama sakandare, yana kuma da takardar koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Jarrabawar tambaya 150 ce cikin awa uku, ana kuma sabunta takardar bayan kowace shekara biyu da ƙarin karatu. Da dala ake biya, kun kuwa san yadda dala take. Wata tara muka yi muna karatu da dare, littafi ɗaya muna karɓa-karɓa. Mai maganar nan ya faɗi a zaman farko, laifinsa ne kuma, ya raina sashen da ya shafi zuciya da huhu.

Muna gargaɗin 'yan'uwa game da masu tallar kwas na kwana biyu a Facebook, waɗanda za su ba ka takarda mai hatimin zinariya ranar Lahadi da yamma. Kwana biyu ba su isa a haddace ko ƙasusuwan jiki ba.

Mun shiga karatun muna zaton za a koya mana sababbin hanyoyin sa mutum ya yi gumi. Abin da muka tarar dabam ne. Da farko sai da muka san jikin kansa: ƙasusuwa 206, tsokoki sama da 600, kowace da sunanta na Latin mai karya harshe. Dabarar da ta cece mu ita ce mu fara neman sunan abin da Hausa, mu taɓa shi a jikinmu, damtse, sha-raɓa, agara, kwankwaso, sa'an nan mu ɗora masa na littafi. Bayan haka aka shiga yadda zuciya ke tura jini, da yadda numfashi ke canjawa idan aiki ya yi tsanani. A nan muka gane cewa riƙe numfashi lokacin ɗaga abu mai nauyi yana sa jini ya hau nan take, mu kuwa haka muka saba yi, haka kuma muke koya wa mutane.

Sashen da ya fi taɓa mu shi ne na tambaya kafin horo. Akwai wata takarda mai tambayoyi bakwai da aka tsara a Kanada, ana kiran ta PAR-Q. Tana tambayar mutum ko likita ya taɓa ce masa yana da ciwon zuciya, ko yana jin ciwon ƙirji, ko jiri yana ɗibar sa, ko yana da matsalar ƙashi ko gaɓa, ko yana shan maganin hawan jini. Minti biyar sun isa a cika ta. Ranar da muka kai wannan shafi, shiru muka yi, domin da mun san ta, da Baba bai yi ko taku ɗaya da gudu ba sai ya ga likita. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su sani ba. To, ku dubi layin da kuke zaune, ku ƙirga.

Sai kuma awo. Jinin da ya kai 140 bisa 90 ko fiye, in an maimaita awon a rana dabam aka same shi haka, hawan jini ne. Iyakar bugun zuciya kuwa ana kimanta shi ta cire shekarun mutum daga 220. Na Baba ke nan 164 a minti, kuma mai farawa irinsa ya isa ya tsaya wajen 100 zuwa 115. Kimantawa ce kawai, wasu magungunan hawan jini ma suna rage bugun, sai lissafin ya ɓaci. Shi ya sa muka fi dogara ga wani gwaji mai sauƙi da 'yan ƙungiyar mawaƙa za su gane da sauri: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana tsaka-tsaki. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya fitarwa sai ka ja numfashi, aikin ya yi tsanani. Abin da hukumar ta shawarta a 2020 shi ne babba ya sami minti 150 zuwa 300 na motsi tsaka-tsaki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta cika na farkon. A kan haka Baba yake yanzu, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan.

An kuma rushe mana wasu abubuwan da muka yarda da su. Gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba ne, saboda haka mai ɗaura leda a ciki yana gudu cikin rana, ƙishirwa kawai yake tara wa kansa. Kwanciya da tashi sau ɗari ba ya zaɓar kitsen tumbi ya ƙone shi. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin da ke cikin nama kuwa 4 ne, don haka iyayenmu mata, ludayin man da ke shiga miya ya fi malmalar tuwon yin ɓarna. Wanda kuma aka gallaza wa horo har fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, asibiti za a kai shi a ranar, gama tsokarsa ce ta lalace, tana kuma iya taɓa ƙoda.

Littafin ya nanata mana iyakarmu har muka gaji da ji. Mu ba likitoci ba ne. Ba ma gano cuta, ba ma rubuta magani, ba ma ce wa mai ciwon suga ya bar allurarsa domin ya fara tafiya. Mace mai ciki, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, sai da yardar likitansa. A nan ne jarabar sana'ar take, domin kuɗin da ke cikin sayar da shayin rage ƙiba da allurar kumbura tsoka ya fi kuɗin horon kansa, kuma kusan kowane mako sai wani yaro ya tambaye mu ko tiramadol zai ƙara masa ƙarfin ɗaga ƙarfe. Mun yi alkawari a tsakaninmu ba za mu taɓa waɗannan ba, ko da za mu kwana da yunwa.

Game da samu, ba za mu ruɗe ku ba. Aikin na asuba ne da na yamma, lokacin da wasu ke hutawa. Mutane sukan cika a watan Janairu, kafin Ista rabinsu sun ɓace. Masu kuɗi da yawa safiyar Lahadi suke so, mun kuwa rasa wasu saboda mun ce ba ma samuwa a lokacin. Abin da ba mu zata ba shi ne 'yar'uwarmu ta fi mu biyun samun aiki. A garuruwanmu na Arewa mata da yawa ba za su yarda namiji ya horar da su ba, mazajensu ma ba za su yarda ba. Ita kuwa tana shiga gidajen maƙwabtanmu Musulmi, tana horar da mata a tsakar gida, har sukan aiko mata da abincin Salla. 'Yan mata, ku ji wannan da kyau. Mu maza kuma mun kafa wa kanmu doka: ba ma horar da mace a ɗaki mu biyu kaɗai, ba ma kuma taɓa kowa domin gyara masa tsayuwa sai mun nemi izini.

Wani dattijo ya taɓa tuna mana da 1 Timoti 4:8, yana ganin mun ba jiki muhimmancin da ya wuce kima. Mun karɓi gargaɗin. Mun dai nuna masa cewa ƙungiyar samari Kirista ta YMCA, wadda George Williams ya kafa a Landan a 1844, ta daɗe a wannan aiki. A makarantarta ta Springfield a Amurka James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891. A 1895 kuma William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a Holyoke, domin ya lura ƙwallon kwando ya yi wa manyan mutanen da ke zuwa wurinsa tsanani. Shi ya dubi shekarun mutanensa kafin ya ba su aiki, abin da mu ba mu yi wa Baba ba.

Roƙonmu ga dattawa uku ne. A duba yiwuwar ba matasa masu son wannan karatu rance daga asusun matasa, su biya a hankali, kamar yadda ake yi wa masu koyon ɗinki da walda. A ba mu ɗakin taro safiyar Asabar, domin iyayenmu mata su sami inuwa da sutura. Kowace ikilisiya kuma ta sayi na'urar awon jini ko da guda ɗaya ce, mu za mu koya wa mutum biyu yadda ake amfani da ita.

Yau mun zo da namu guda biyu. Da zarar an tashi, muna ƙarƙashin mangwaron da ke bayan ɗakin nan, awon kuma kyauta ne. Wanda ya ci goro ko ya sha kofi, ya jira rabin awa. In ka zo, ka zauna minti biyar tukuna, ka jingina bayanka, ƙafa a ƙasa, kada ka yi magana lokacin awo. Wanda nasa ya hau, za mu rubuta masa lambar a takarda ya kai asibiti, ba za mu ba shi magani ba. Baba ne zai riƙe littafin sunaye, ya ce kuma dattawa ne za su fara.