Giwaye na faɗa, ciyawar Dungu na shan wuya



Ina so mu tuna 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke mana wuta. A Abuja aka yanke shawarar, amma wa ya ji a jikinsa? Mai rake da wake da ya rasa ɗan Kano mai saye. Direban da ke lodi daga Matameye zuwa Daura ta Ɗan Barto da Kongolam. Mai tuwo a tasha.

Baƙi ma sun ɗauke ƙafa. Masu zuwa ganin fadar Sarkin Damagaram, da namu masu zuwa rijiyar Kusugu, da masu zumunci, kowa ya zauna gida. Sai Maris 2024 aka buɗe. Ko a 2019 haka aka yi, fiye da shekara.

To, ni roƙona ɗaya ne: in gwamnatoci sun saɓa, su yi ta tsakaninsu, su bar wa talaka hanyar kasuwa. Ku da ke birni da waya a hannu, ku riƙa faɗa musu haka.