Abinci da Zaman Gida Bayan Ambaliya: Jawabi ga Jama'ar Potiskum



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar yadda gari ke komawa kan ƙafafunsa bayan ruwa da iska sun yi masa ɓarna, musamman ta wajen ci da sha. Allah bai sa mu a bakin teku ba, saboda haka mahaukaciyar guguwar nan da ke tasowa daga teku ba ta iso mu. Irinta ce ta faɗa wa birnin New Orleans na Amurka cikin watan Agusta na 2005, ta hallaka mutum fiye da 1,000. Irinta ce kuma ta rushe birnin Beira na ƙasar Mozambik cikin watan Maris na 2019. Amma abin lura shi ne, bayan da iska ta lafa a Beira sai cutar kwalara ta ɓarke, domin ruwan sha ya gurɓace. Ashe wahalar ba ta ƙarewa ranar da hadari ya wuce.

Mu ma muna da namu rabon. A daminar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta kuma cinye gonaki masu yawa, har da na Jihar Yobe. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, ya mamaye unguwanni da kasuwa, kafin wata guda ya cika kuma Gwamnatin Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Potiskum kuwa gari ne na hatsi da dabbobi, kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. In rumbunan nan ƙasar suka jiƙe, ko hanyar mota ta yanke, har mutanen Kano da Ikko sai sun ji a tukunyarsu.

To, ga abubuwa biyar da muke roƙon kowane magidanci ya riƙe.

Na farko, ruwan sha. Ambaliya takan kwaso ƙazantar masai da ta bola ta zuba cikin rijiya. Ruwan yana iya zama garau a ido, alhali cike yake da ƙwayoyin cuta. A tace shi da tsumma mai tsabta, a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, sa'an nan a zuba cikin randa mai murfi da moɗa guda wadda ba a sha da ita. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Rijiyar da ruwa ya shiga kuwa, kada a koma shanta sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun zuba mata maganin kulorin.

Na biyu, hatsi. Gero ko dawa ko masarar da ruwan ambaliya ya kwanta a kansu, ba abinci ba ne kuma. Wanda kuwa danshi kawai ya taɓa, a fitar da shi nan da nan, a baza a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, a riƙa juyawa har ya bushe ƙayau, yadda in an ciza tsaba za ta fashe da ƙara. Dalili shi ne, hatsi da gyaɗa masu danshi sukan yi fumfuna, fumfunar kuwa tana haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin, wadda ke lalata hanta. Wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masara mai wannan guba. Kada kuma a ce a ba shanu ko kaji, domin gubar takan bi ta cikin nono ta dawo ƙwaryarmu. Mun san zafin zubar da abin da aka yi wata huɗu ana wahala a kansa, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na uku, yara da masu jego. Su ne yunwa da zawo ke fara kayarwa. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ba shi ko da ruwa. Wanda ya fi haka, a ƙara wa kununsa gyaɗa mai kyau ko garin wake, a sa zogale ko kuka cikin miya. In zawo ya kama yaro, a samo ƙunshin garin gishiri da sukari daga asibiti. In babu, a auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma garzaya da shi asibiti. Kada a daina ba shi nono ko abinci.

Na huɗu, gona da dabbobi. Wanda ya rasa amfanin damina bai rasa shekara duka ba. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana riƙe da laima, ana iya sa mata wake mai saurin nuna, ko kankana, ko kayan lambu a fadama. Manoman Borno sun daɗe suna dasa masakwa a firgi bayan ruwa ya ɗauke, su girbe ta da rani. A tuntuɓi malamin gona tun da wuri don samun iri. Dabbar da ruwa ya kashe mushe ce, a binne ta nesa da rijiya. Kada kuma gaggawa ta sa mutum ya kaɗa garkensa duka zuwa kasuwa a lokacin da kowa ke sayarwa, farashi ya faɗi, ya rasa jari da abin noma gaba ɗaya.

Na biyar, taimakon juna. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, suna kawo agaji, amma kafin motar agaji ta iso, maƙwabci ne ke kusa. A raya gayya wajen tā da katangar da ta faɗi da yashe lambatu. Masu unguwanni su rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa bisa gaskiya, su fara da gwauraye mata da marayu da tsofaffi. 'Yan kasuwa kuma su ji tsoron Allah, kada su ɓoye hatsi don jiran tsada alhali maƙwabtansu na kwana da yunwa.

A ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya tana ba da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, ana kuma faɗarsa a rediyo. A saurara. A ɗaga gindin rumbu, a jera buhuna a kan katako nesa da bango, a ƙara ɗaure rufin kwano kafin iskar farkon damina, kada kuma a yi gini a kan hanyar ruwa, domin ruwa ba ya manta hanyarsa.

Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da sharrin ruwa da na iska, amin. Wassalamu alaikum.