Garkuwar Hannu a Kan Babur: Amfaninta da Sharuɗɗan Ɗaura Ta



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, watau garkuwar da ake ɗaura wa hannun babur don ta tsare yatsun mahayi da libar birki da ta kuloci. Wani zai ce me ya haɗa ɗalibin jami'a da aikin bakanike? Amsa ita ce, da yawa daga cikinmu za su fita daga nan su zama malaman gona, ko malaman dabbobi, ko ma'aikatan allurar rigakafi, ko malaman makaranta a ƙauye, kuma babur ne zai zama ƙafarsu.

Mu ɗauki Daddara misali, garin da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya. Kwalta ta wuce ta nan ta nufi bakin iyaka a Magama, ta shiga Nijar ta Ɗan Isa, ta dangana da Maraɗi. Amma ma'aikacin da aka tura yankin ba a kan kwalta zai yini ba. Da zarar ya sauka gefe sai yashi da burtali da kwazazzabo, ga magarya da aduwa da farar ƙaya sun miƙo rassa, ga karan gero da na dawa bayan kaka, ga sanyin hunturu da ke sandarar da yatsu da asuba. Baburan da ake bin waɗannan hanyoyi da su, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, ba domin daji aka ƙera su ba, larura ce ta mai da su na daji.

Amfanin garkuwa iri biyu ne. Na farko, tsare hannu. Reshen ƙaya da ya doki bayan hannun mai gudu yana iya tsaga fata, ko ya fizgi libar birkin gaba ba shiri, tayar gaba ta kafe cikin yashi, mahayi ya kifa. Na biyu, tsare liba. Faɗuwa a yashi ko da a hankali ce takan karya libar kuloci, kuma wanda libarsa ta karye nesa da gari ya shiga wahala. A yankin da matsalar tsaro ta kai har gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021, tsayawa a daji da mataccen babur har magariba ba ƙaramin haɗari ba ne.

Masu tseren daji ne suka yaɗa wannan dabara. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas da saharar Nijar, kuma irin wannan tafiya ce ta nuna wa duniya cewa hannu da liba suna cikin abubuwan da suka fi saurin cutuwa. Kamfanoni kamar Acerbis na Italiya da Barkbusters na Ostareliya sun yi suna wajen ƙera ta. Iri biyu ake yi. Akwai buɗaɗɗiya, farantin roba kawai da ake ɗaurewa ta gefe guda, wadda ke kare ƙaya da iska amma ba ta jure faɗuwa. Akwai kuma zagayayya, mai sandar alminiyam da ke tashi daga ƙarshen hannun babur ta zagayo gaban liba ta kama ƙarfen daga ciki. Wannan ta fi ƙarfi, amma tana da nata aibin, domin idan mahayi ya wuntsila ta gaba, wuyan hannunsa yana iya maƙalewa tsakaninta da ƙarfen.

To, yaya ake ɗaura ta? Sharuɗɗa biyar nake so ku riƙe.

Na ɗaya, a auna kafin a saya. Kaurin ƙarfen hannun yawancin baburanmu milimita 22 ne, alhali wasu manyan baburan daji suna da wajen milimita 28 a tsakiya. Maɗaurin da bai dace ba, ko an cusa masa guntun roba ko gwangwani, zai kwance a hanya.

Na biyu, a kula da totur. Kafin a ɗaura zagayayya sai an yanke ƙarshen robar riƙo da na bututun totur, a bar ɗan sarari tsakaninsa da garkuwar. Bayan an ɗaure, a murɗa totur a saki. In bai koma da kansa nan take ba, to, aikin bai yi ba. Totur da ya maƙale ya fi rashin garkuwa muni nesa ba kusa ba.

Na uku, a matsa kowace liba har ƙarshe a sake ta, a tabbata bakinta bai taɓa garkuwar ba. In tana taɓawa, a ɗan matsar da mazauninta ciki. Kada a gutsure ƙwallon nan da ke bakin liba, domin an yi shi ne don kada ta soki mutum in an faɗi.

Na huɗu, a juya kan babur dama da hagu har iyaka, inji yana aiki. In garkuwar ta bugi tanki, ko ta danne wayar kuloci ko ta birki, ko kuwa ƙarar inji ta tashi da kanta, sai a kwance a sake.

Na biyar, a daidaita ta ta zo daidai da liba ko ta ɗan sunkuya ƙasa, kada ta ɗaga sama, don hannu ya sami mafita. A ɗaura notuna duka sako-sako tukuna, a gyara zama, sa'an nan a tamke. Bayan tafiyar kwana biyu a sake bin su da sifana, saboda girgizar hanya tana kwance noti.

Saura batun masu walda. Ba kowane ƙaramin ma'aikaci ne zai iya sayen ta waje ba, kuma masu waldarmu na Katsina da Jibiya da Maraɗi gwanaye ne. Sai dai a roƙe su abu uku: kada su yi walda a jikin ƙarfen hannun kansa, domin zafi yana raunana shi, kada su yi amfani da rodi mai nauyi, domin nauyi a ƙarshen hannu yana ɓata tuƙi cikin yashi, kuma su goge duk wani kaifi, su yi ta da noti yadda za a iya kwancewa. Garkuwa mai kaifi wuƙa ce kawai mutum ya ɗaura wa kansa.

'Yan'uwa, a nan ne ilminmu yake da aiki. Bakanike ya fi mu sanin ƙarfe, mu kuwa an koya mana awo da gwaji da tambayar dalili. Kada mu raina shi, kada kuma mu miƙa masa babur mu tafi shan shayi. Mu tsaya tare da shi, mu gwada totur da liba da hannunmu kafin mu biya. Kuma mu tuna garkuwa ba ta maye gurbin hular kwano da safar hannu da rage gudu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma sai in an yi rigakafin yadda ya kamata.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya mai da kowa gida lafiya.