Amfanin Kai Yaro Mai Ƙiriniya Gaban Likita

A wani taron iyaye da malaman makaranta da aka yi a Muchalla, cikin ƙasar Mubi ta Jihar Adamawa, wani jami'in kiwon lafiya ya yi lacca a kan yaran nan da ba su iya zama wuri ɗaya. Ga abin da ya faɗa, domin amfanin 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun, Anaca da Fatakwal, waɗanda suka bar iyali a gida ko suke zaune tare da su a Kurmi.

Bayan ya gai da dattawa, mai laccar ya ce kusan kowace unguwa akwai yaron da aka yi wa laƙabi da mai kunnen ƙashi. In an aike shi ya manta saƙo, in malam yana bayani hankalinsa yana waje, kullum littafinsa a ɓace, kuma bai iya jiran layi. An yi duka har an gaji, bai sake ba. Ya ce daga cikin irin waɗannan yara akwai masu fama da wata larura ta rashin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD.

Ya ce tun a 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara a birnin Landan, amma sai a 1987 aka raɗa wa larurar sunan da ta ke da shi yanzu. Bincike ya nuna tana samun wajen yara 5 cikin 100 a duniya, kuma galibi gadonta ake yi. Saboda haka ba laifin uwa ba ne, ba kuwa aikin iska ko sammu ba ne.

Daga nan ya ja kunnen jama'a cewa ba kowace ƙiriniya ce larura ba. Kafin likita ya yanke hukunci sai ya tabbatar alamun sun fara kafin yaro ya cika shekara 12, sun kai wata 6, ana ganinsu a gida da makaranta duka, kuma suna ɓata masa karatu ko zama da mutane. Zai tambayi iyaye da malamai. A nan kuwa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce amfani na farko shi ne gwajin ya kan tono wata cutar da ta ɓuya. Wani yaron kunne ne ba ya ji sosai, wani ido, wani kuwa ƙaramar farfaɗiya ce mai ɗauke hankali na ɗan lokaci. Ya tuna wa jama'a gudun da aka yi sa'ad da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba 2014, ya ce firgita irin wannan ma tana hana yaro natsuwa, kuma maganinta daban ne.

Na biyu, in an san sunan ciwo bulala ta kan huta. Yaron da ya tashi yana jin ana ce masa daƙiƙi zai gane ashe yana da basira, hanyar koya masa ce daban. Malam zai zaunar da shi a gaban aji, ya riƙa yanka masa aiki kaɗan-kaɗan. A gida kuma a ba shi umurni ɗaya a lokaci ɗaya, a tsayar masa da lokacin barci, a yaba masa nan take in ya yi daidai.

Na uku, akwai magani, irin su Ritalin, wanda ya kan taimaki da yawa daga cikinsu. Amma likita kaɗai ke rubuta shi, yana bin nauyin yaron da cin abincinsa. Kada kowa ya sayo a kemis bisa jin labari. Ga 'yan ƙasa da shekara 6, koya wa iyaye dabarun reno ake fara yi.

Ya ce abin tsoro shi ne yaron da aka ƙyale. Shi ne ake cirewa daga makaranta a tura shi talla ko acaba, alhali irinsu sun fi saurin yin haɗari da faɗawa shaye-shaye. Larurar kuma ta kan bi wasu har girma, su kasa riƙe sana'a ko aure. 'Yan mata kuwa sau da yawa ba a lura da su, domin tasu ta fi zuwa da shiru da mantuwa.

Game da inda za a nufa, ya ambaci Babban Asibitin Mubi, asibitin koyarwa na Yola, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Maiduguri da Kaduna. Mazauna Kurmi suna da na Yaba a Ikko, na Aro a Abeokuta, na Inugu, da asibitin koyarwa na Jami'ar Badun. Ya ce zuwa can ba abin kunya ba ne, domin a Janairu 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, mai kare mutuncin masu neman magani, a madadin tsohuwar ta 1958.

A ƙarshe ya roƙi magidantan da ke nesa, in an aiko musu cewa yaro ya gagara, kada su yi saurin cewa a cire shi daga makaranta. Su aiko da kuɗin mota a kai shi asibiti tukuna, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.