Rubutaccen Shiri: Ranar Da Baba Ya Gyara Min Majigi

 Yau ba siyasa za mu taɓa ba, amma ku tsaya, akwai abin ɗauka.

Watan jiya ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta shirya nuna fim a fili, don mu ja hankalin 'yan uwa su je su yi rajistar katin zaɓe. Muka ce bidiyon tallan ya buɗe da majigi. Waɗanda ba su sani ba, majigi shi ne sinimar da ake kawowa a mota tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, a nuna fim kan tsafta, noma da rigakafi, kyauta. Wayar da kan da muke taƙama da shi yau, an daɗe ana yi.

Matsalar ita ce ba mu da na'urar. Abin da muka samu hoto ne guda ɗaya, wajen wani dattijo a layinmu da ya yi aikin haska fim yana saurayi. Na'ura ce ta fim mai faɗin milimita 16, da faifai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Aka ce ni zan sa ta motsa.

Ga yadda na yi, don masu koyo. Na farko, na shiga Photoshop na yanke kowane faifai ya zama leya mai zaman kanta, jikin na'urar ma haka. Sai na cike gurbin da yankan ya bari, in ba haka ba faifan na juyawa rami zai bayyana a bayansa. Na biyu, na kai su After Effects. A nan yawancin mutane ke tuntuɓe: kowace leya tana da ɗigon da take juyawa a kansa, kamar cibiyarta. In ba ka ja ɗigon nan ya zauna daidai tsakiyar faifan ba, zai riƙa tangaɗi kamar tayar keken da ta lanƙwashe. Na uku, a wajen juyawa na rubuta time*120, wato digiri 120 kowane sakan, ba tsayawa. Hasken kuma na zana shi kamar mazurari daga bakin gilashin, na tausasa gefensa, na sa masa wiggle don ya riƙa ɗan kyaftawa.

Na kwana biyu a kai, wuta na zuwa tana tafiya. Da na gama, sai na ɗauki kwamfuta na nufi gidan Baba, ina jin kaina.

Ya kalla sau biyu, ya yi shiru. Sai ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, amma da haka take juyawa da fim ya tsinke tun kafin mutane su zauna."

Na ce, "Baba, me ya faru?"

Ya ce in duba hoton da kyau. Faifan gaba cike yake, na baya kusan fanko. Fim yana wucewa ta gaban fitila da gudu ɗaya, hoto 24 a sakan. To faifan da ya cika yana da faɗi, juyi ɗaya ya saki fim mai tsawo, don haka a hankali yake tafiya. Wanda bai tara komai ba dole ya yi sauri kafin ya naɗe abin da ake ba shi. Ni kuwa gudu ɗaya na ba su.

Wallahi kunya ta kama ni. Na yi digiri, na kalli darussa a YouTube ba adadi, amma ban taɓa tambayar kaina yadda abin ke aiki ba. A nan tsakar gidansa na bar na gaba a 120, na mai da na baya 300. Ya ce kyaftawar ma ta yi yawa, lafiyayyar na'ura ba ta yi wa ido haka. Na rage. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yanzu ita ce."

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Ko da Alight Motion kake aiki a waya, matakan ɗaya ne, kuma a sati za ka iya su. Amma manhaja ba ta san gaskiya ba, duk ƙaryar da ka ba ta za ta juya maka ita da kyau. Masu sanin gaskiyar suna zaune a ƙofar gidajenmu, kuma kullum raguwa suke. Hotunansu na cikin akwati, gara na ci.

Don haka aikin wannan satin: ka nemi tsohon hoto ɗaya a gidanku, ka ɗauke shi da waya, sannan ka zauna da mai shi ya ba ka labarinsa kafin ka taɓa wata manhaja.

Ranar nunin, Baba ne a kujerar gaba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.